Daga Bodinga Zuwa Shagari: Yadda Ake Tayar Da Injin Tsohuwar Mota A Ƙofar Gida

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi kudu, ya wuce ta wajen filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, babban garin da zai fara tararwa shi ne Bodinga. Idan ya miƙe hanya zai isa Shagari, daga nan sai Tambuwal, sai Jega ta Jihar Kebbi. Hanya ce mai yawan zirga-zirga. Akwai tireloli, akwai motocin albasa da na hatsi, akwai ƙananan motocin haya da ke kwasar 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa asibiti a birni. Hagu da dama gonakin gero ne da dawa da wake, sai garken shanu jefi-jefi da raƙuma masu tafiyar ƙasaita.

Wannan ƙasa ba ta raga wa injin mota. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan lagireto ya riƙa tafasa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika sararin sama, ta bi ta matatar iska ta shiga cikin inji, ta riƙa cin ƙarfe a hankali kamar ana goga shi da yashi. Shi ya sa mota kan tsufa da wuri a nan, shi ya sa kuma mutanen yankin suka iya tayar da ita idan ta kwanta. Wannan makon shafinku ya bi wannan hanya domin ya ga yadda ake yin hakan.

Garin malamai

Bodinga ba baƙon suna ba ne ga wanda ke sauraren malamin tarihi a aji. A ƙasarta garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna shekaru kaɗan yana karantarwa yana rubuta littattafai kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ma ya zauna a Bodinga a wancan zamani. Ke nan tun fiye da shekara 200 da suka wuce wannan wuri ya saba da zaman ɗalibi a gaban malami. A yau akwai wani irin zaman karatu da ake yi a bakin titi da ƙofar gidaje, allonsa murfin inji, tawadarsa baƙin mai.

A bayan gari, ƙarƙashin wata babbar bishiyar dogon yaro da ke ƙofar wani gida, muka tarar da wata tsohuwar Peugeot 504 doguwa, irin wadda mutanenmu ke kira Fijo. An ɗora ta bisa kututturan itace, an cire murfin gabanta an jingine da bango, wurin injin ya zama rami wayam. Shi kuwa injin yana kan wani tsohon ƙyauren ƙofa da aka shimfiɗa bisa bulo, an warware shi gunduwa-gunduwa. Mai motar dattijo ne da ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Jega. Tare da shi akwai wani abokinsa bakanike da ke zuwa da yamma bayan ya tashi daga gareji, da ɗansa ɗan ajin SS2, da wata 'yarsa 'yar JSS3 da ke riƙe da littafin rubutu.

Motar nan ita ce abincin gidan. Da ita ake sayen hatsi idan na rumbu ya ƙare, da ita ake biyan kuɗin jarrabawa. Ta kai wata uku tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar raƙumi ya sami rijiya, tana kasa hawan ɗan tudu idan an cika ta. Hanyoyi uku ne suka rage wa maigidan. Ko ya sayar da ita ga masu sayen ƙarafa a kan kuɗin da ba za su kai ko'ina ba, ko ya sayi injin gwanjo ɗan Beljiyam wanda ba wanda ya san cikinsa sai an ɗora, ko kuma ya buɗe nasa ya sabunta abin da ya lalace. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, direbobi kuwa ribarsu ta ragu. Sai ya zaɓi hanya ta uku, wadda ta fi araha amma ta fi cin lokaci da haƙuri.

Abin da ya sa Fijo ke gyaruwa

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Daga nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar ma'aikaci, motar haya. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da sallamarta. Saboda haka ba a rasa wanda ya san cikinta a tsoffin garejojin Arewa.

Injinta na fetur mai silinda 4 ne, an kwantar da shi a karkace. Ba shi da kwamfuta, kafireto ne ke haɗa mai da iska. Babban sirrinsa shi ne ramukan da fistin ke kai da komo a ciki ba a jikin gangar injin aka huda su ba. Wasu bututun ƙarfe ne guda 4 da ake zura su a ciki, ruwan sanyaya inji yana kewaye su. Makanikai na kiran su silib. Idan sun cinye, sai a zare su a sa sababbi tare da fistin da zobba, ba sai an kai gangar injin wurin masu huda ba. Wannan ne ya sa ake iya yin yawancin aikin a ƙofar gida. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Darasin kimiyya a kan ƙyauren ƙofa

Irin wannan inji yana aiki ne da taku 4, tsarin da wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya inganta a 1876. A taku na farko fistin ya sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, mai da iska suka shigo. A na biyu fistin ya hau, ya matse su. A na uku fulogi ya ba da tartsatsi, suka kama da wuta, iskar ta kumbura ta tura fistin ƙasa da ƙarfi. A na huɗu fistin ya sake hawa, bawul ɗin fita ya buɗe, hayaƙi ya bi salansa. Ƙarfin da ke tura fistin shi ke juya wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake kira karanshaf, shi kuma ya miƙa wa giya, giya ta miƙa wa ƙafafu.

Ga lissafi ga masu son lissafi. Faɗin kowace silinda a wannan inji milimita 88 ne, tsawon tafiyar fistin kuma milimita 81. Ku mayar da su santimita: 8.8 da 8.1. Rabin 8.8 shi ne 4.4. Ku ninka 4.4 sau 4.4, za ku sami 19.36. Ku ninka da 3.142, ku sami kimanin 60.83, wato faɗin da'irar. Ku ninka da 8.1, ku sami kimanin 492.7. Silinda 4 ce, don haka jimilla kimanin 1971 ke nan, wato kusan lita 2. Dabarar auna cikin gwangwani da ake koya muku a aji ita ce injiniyoyin Faransa suka yi aiki da ita.

Ga wani kuma. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistin yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa guda, kowane fulogi kuma yana ba da wuta sau 25. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikin wannan gudu ɗan siririn shafin baƙin mai ne da bai kai kaurin takarda ba. Ranar da man ya ƙare ko ya cika da ƙura, ranar ce direbobi ke cewa inji ya buga.

Aikin daki-daki

Bakaniken ya ce tun kafin a taɓa sifana ake fara gyara, domin hayaƙi na faɗin ciwon mota. Shuɗi na nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi zobba ko silib sun cinye. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi na nufin ruwa na shiga silinda, sau da yawa gasket ɗin kai ne ya ƙone. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, a duba kafireto da matatar iska, wataƙila ma ba sai an buɗe inji ba.

Da suka tabbatar ciwon na ciki ne, sai suka cire batir, suka tsiyaye mai da ruwa, suka kwance wayoyi da bututu, suka ɗaga injin da sarƙa da aka rataya a kan ƙafafun ƙarfe uku. Nan aikin yarinyar ya fara. Kowane noti da aka kwance sai ta sa shi a gwangwanin madara ta rubuta inda ya fito. Sandunan da ke tura bawul guda 8 ta soke su a jikin kwali bi da bi, ta sa musu lamba. Yayanta kuma yana ɗaukar hoto da waya kafin a cire kowane abu. Dalili shi ne ƙarafan da suka daɗe suna gogar juna sun riga sun saba da juna, idan aka musanya musu wuri sai su fara sabon ci.

Muna tsaye yaron ya zaro fistin na uku yana juya shi a hannu.

“Mi kag gani?” in ji mahaifin.

“Baba, zoben sama ya karye gida biyu.”

Dattijon ya karɓa, ya shafa cikin silib ɗin da ɗan yatsa, ya miƙa wa yaron ya ce shi ma ya shafa. Akwai wani ɗan tudu a bakin ramin, iyakar inda zobe ke kaiwa, wanda farce ke iya kamawa. Wannan tudu shi ne shaidar yawan ƙarfen da shekaru da ƙura suka cinye.

Bayan an wanke komai da kananzir aka shanya, sai awo. Abu biyu ne ba sa yiwuwa a gida. Na farko karanshaf: idan wuyansa ya yi zane ko ya daina zama da'ira sosai, dole a kai shi Sakkwato wurin masu injin gurza ƙarfe, su rage shi kaɗan, sannan a sayo metal, wato 'yan ɓawon ƙarfen da yake kwanciya a kansu, masu kaurin da ya dace da ragin. Na biyu kan inji: da alminiyam aka yi shi, idan mota ta sha tafasa yakan bauɗe, sai an daidaita fuskarsa da na'ura. Sauran aikin na hannu ne. Yaron ya kwashe yammaci biyu yana murza bawul a mazauninsa da wani man gurza mai yashi-yashi, yana mirgina sanda tsakanin tafukansa, har sai da bakin kowane bawul ya zauna daram ba ya yoyo.

Haɗawa ta fi warwarewa wuya. Sabon silib sai an sa masa abin toshe ruwa a gindi, kuma dole bakinsa ya ɗan ɗara fuskar gangar inji da ɗan abin da ido ba ya gani, domin gasket ya danne shi da kyau. Muddin ba a ɗora kan inji ba, ba a juya karanshaf sai an danne silib ɗin, in ba haka ba fistin zai ɗago su, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Kowane zobe yana da tsaga, ba a jera tsagogin a layi ɗaya. Kowane metal sai an shafa masa sabon mai. Notocin kan inji ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda suka aro daga gareji. Sarƙar da ke haɗa karanshaf da ƙarfen da ke buɗe bawul tana da alamomi, kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya hana mota ƙarfi. Wayoyin fulogi kuma suna da jerinsu: 1, 3, 4, 2. Gaggawa a nan asara ce, domin noti ɗaya da aka manta zai iya sa a sake sauke injin gaba ɗaya.

Gwaji a hanyar Shagari

Da muka sake biyowa bayan mako biyu, an mayar da injin mazauninsa, ya tashi, hayaƙin ya washe. Sai aka ce mu shiga a gwada ta zuwa Shagari. Dattijon bai taka totur sosai ba, idonsa na kan allurar zafi da fitilar mai. Ya ce sabbin zobba sai sun saba da sabon silib, don haka kilomita 1,000 na farko ba gudu, ba lodi mai nauyi, daga nan a zubar da man a sa sabo, a sake duba ɗaurin kai da tazarar bawul. Sau biyu ya tsaya a gefen hanya ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo.

Shagari ƙaramin gari ne, amma sunansa ya zaga duniya. A nan aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari a ranar 25 ga Fabrairu, 1925. Ya yi elamantare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna wadda ta zama Barewa. Aikinsa na farko koyarwa ne, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya kuma yi hedimasta a Argungu kafin ya shiga majalisar wakilai a 1954. Kafin ya zama shugaban ƙasa ya taɓa shugabantar hukumar gudanarwar kamfanin Peugeot na Kaduna. Ya mulki Nijeriya daga 1 ga Oktoba, 1979 zuwa 31 ga Disamba, 1983. Ya rasu a ranar 28 ga Disamba, 2018, aka kawo shi garinsu aka binne shi. Tsohuwar Fijo da ke shiga garin nan da sabon numfashi tana da dangantaka da tarihinsa ta fuska biyu, ta kimiyyar da ya koyar da ta masana'antar da ya shugabanta.

A bakin titin Shagari akwai masu faci, masu walda, masu gyaran babur da masu gyaran injin ban ruwa na manoman rani. Idan kuka lura da kyau, injin babur da na ban ruwa da janaretan gidanku duk 'yan uwan injin mota ne: fistin, zobe, bawul, fulogi. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar sauran. Da yawa daga cikin yaran da ke waɗannan rumfuna sa'anninku ne. Wasu na haɗawa da makaranta, wasu sun bar ta. Waɗanda suka bari sukan iya kwancewa da ɗaurewa, amma idan aka zo karanta littafin mota ko lissafin awo da milimita sai su tsaya jiran Oga. Motocin yanzu kuma cike suke da wayoyi da kwamfuta, ana gano ciwonsu ne da na'urar da ke rubuta bayani a fuskar allo. Bakaniken gobe dole ya iya karatu.

Hattara

Wannan aiki ba na yaro shi kaɗai ba ne, sai da babba wanda ya sani. Inji ya fi ƙarfin mutum biyu su ɗaga, idan sarƙa ta tsinke ba ƙafar da za ta tsira. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ba a wanke kaya da fetur, musamman a gidan da ake hura wutar girki, domin tururinsa kan bi ƙasa ya tarar da wuta. Ba a tayar da inji a cikin zaure ko rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Ba a buɗe lagireto yana da zafi. Tsohon baƙin mai kuma ba a zubar da shi a ƙasa ko kwata, musamman kusa da rijiya, a tara shi a jarka a kai gareji.

Ga ɗalibai

Wasu iyaye, har da wasu ɗalibai, na ɗaukar kanikanci a matsayin aikin wanda karatu ya gagara. Abin da ke kan ƙyauren ƙofar nan na Bodinga ya ƙaryata haka. Akwai lissafin da'ira, akwai yadda zafi ke kumbura ƙarfe da iska, akwai gogayya da maganinta, akwai wutar lantarki, akwai kuma tsare amanar rubutu irin wanda yarinyar nan ta yi, wanda ba don shi ba da an kwana ana neman noti. Hanyar karatun ma a buɗe take. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar gyaran mota ga ɗaliban kwalejojin fasaha. A Sakkwato akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ga mai son ya zurfafa a aikin injiniya, mace ko namiji.

Ga aikin gida na wannan mako. Ku nemi izinin iyayenku, ku je wurin wani bakanike na unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku tsohon fistin da zobensa. Ku auna faɗinsa da rula, ku tambayi tsawon tafiyarsa da yawan silindar injin da ya fito, ku lissafa girman injin kamar yadda muka yi a sama. Ku rubuto mana amsarku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.